An bar jaki ana dukan taiki: tarihin korar Mike Brown bayan wasa biyar

A filin kokowa babu gardama a kan wanda ya faɗi. Tun daga 1975, shekarar da Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ya ɗauko ma Maraɗi takobin farko daga Tawa, hukuncin bai sake ba: wanda aka kai ƙasa shi ne aka kayar, ba a kama makaɗinsa, ba a tuhumar wanda ya ɗaura mashi laya. A wasannin ƙungiya kuwa al'amarin ya sha bamban. Idan ƙungiya ta fara shan kaye, mutumin da ake fara nema shi ne wanda bai taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya, wato mai horaswa. Tarihin ƙwallon kwando na Amurka cike yake da irin wannan hukunci, amma kaɗan ne suka kai gaggawar wanda ƙungiyar Lakers ta birnin Los Anjelis ta yanke ma Mike Brown ranar 9 ga watan Nuwamba 2012, bayan wasa biyar kacal. Labarin ya shafi mai karatu na wannan yanki, domin mutumin da aka kora shi ne daga baya ya jagoranci Najeriya ta doke Amurka, kuma a cikin wannan shekara ta 2012 an yi ma wani ɗan Nijar makamancin abin da aka yi mashi.

Gidan Lakers da darasin 1981

Gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta duniya, tana da ƙungiyoyi 30. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82 daga watan Oktoba zuwa watan Afirilu, sannan waɗanda suka fi maki su shiga zagayen neman kofi. Wasa biyar daga cikin 82 wajen kashi shida ne cikin ɗari. Idan aka auna shi da shekarar karatu ta wata tara, daidai yake da a yanke ma malami hukunci sati biyu bayan komawa makaranta, tun bai gama sanin sunayen ɗalibansa ba.

Don a fahimci dalilin da ya sa Lakers ta yi wannan sauri, sai an koma baya da shekara 31. Jerry Buss ya sayi ƙungiyar a 1979. A cikin wannan shekara mai horaswa Jack McKinney ya yi mummunan haɗari da keke, sai mataimakinsa Paul Westhead ya hau kujerar, ya kuma ci kofi a 1980. Duk da haka, a watan Nuwamba 1981, bayan wasa 11, ƙungiyar tana da nasara 7 da kaye 4, babban tauraronta Magic Johnson ya fito fili ya ce ba zai iya wasa da tsarin Westhead ba, a sayar da shi ga wata ƙungiya. Washegari Buss ya sallami Westhead. Wanda ya gaje shi, Pat Riley, ya saki ma ƴan wasa linzami, suka koma wasan gudu da suka saba, suka ci kofi a 1982, sannan a 1985, 1987 da 1988.

Wannan nasara ta zama gado a gidan Buss. Ta koya masu cewa idan tafiya ta fara tangaɗi, a sake direba tun da wuri. Abin da aka manta shi ne halin da ƙungiyar 1981 take ciki: Magic yana da shekara 22, lafiyarsa ƙalau, Kareem Abdul-Jabbar yana kan ganiyarsa, ƴan wasan sun san juna, sun riga sun ci kofi tare. Cutar guda ɗaya ce, saɓani tsakanin tauraro da mai horaswa, kuma korar ta dace da cutar.

Kwana goma sha ɗaya

Mike Brown, wanda aka haifa a 1970, bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ya fara aiki a ƙungiyar Denver yana tsara faifan bidiyo na wasannin abokan hamayya, ya yi mataimaki a wurare da dama, ciki har da San Antonio a ƙarƙashin Gregg Popovich, inda suka ci kofi a 2003. A 2005 Cleveland ta ba shi jagoranci. Tare da LeBron James ya kai ta wasan ƙarshe a 2007, a 2009 kuma aka zaɓe shi gwarzon mai horaswa na shekara bayan nasara 66. An sallame shi a 2010 duk da nasara 61, saboda kofi bai zo ba. A 2011 Lakers ta ɗauke shi ya gaji Phil Jackson, mutumin da ya ci kofi 11 yana mai horaswa, shida a Chicago, biyar a Lakers. Shekararsa ta farko, wadda rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da ƴan wasa ya taƙaita, ta ƙare da nasara 41 da kaye 25, sannan Oklahoma ta fitar da su a zagaye na biyu.

A bazarar 2012 shugabannin Lakers suka shiga kasuwa. A watan Yuli suka ɗauko Steve Nash daga Phoenix, gwanin rarraba ƙwallo, suka biya da haƙƙinsu na zaɓen matasan ƴan wasa na shekaru masu zuwa. A watan Agusta suka ɗauko Dwight Howard, wanda ake ganin babu kamarsa a tsaron gindin kwando. Aka haɗa su da Kobe Bryant, Pau Gasol da Metta World Peace. A kan takarda, taron zakuna ne. Albashin ƴan wasan ya kai wajen dalar Amurka miliyan 100, mafi tsada a duk gasar. Sai dai Nash yana da shekara 38, Kobe 34, Gasol 32, Howard kuma an yi mashi aiki a ƙashin baya a watan Afirilu, bai gama murmurewa ba.

Brown ma ya ƙara nasa. Ya kawo sabon tsarin kai hari wanda ake kira da sunan jami'ar Princeton, tsarin da ke bukatar ƴan wasa biyar su dinga miƙa ma juna ƙwallo, kowa yana karanta motsin ɗan'uwansa. Tsari ne mai kyau ga waɗanda suka daɗe tare, mai wuya ga baƙin juna, kuma yana raba Nash da ƙwallo, alhali don riƙon ƙwallo aka sayo shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wannan zaɓi na Brown ne, kuma ya taimaka wajen faɗuwarsa.

An doke Lakers a wasannin share fage guda takwas, duka. Ranar 30 ga Oktoba Dallas ta ci su a gida. Washegari Portland ta ci su, a wasan nan kuma Nash ya samu tsagewar ƙashi a ƙafa, abin da ya zaunar da shi kusan sati bakwai. Sai Clippers, maƙwabtansu na gari ɗaya, suka ci su. Suka samu sa'ar Detroit, sannan ranar 7 ga Nuwamba Utah ta sake kayar da su. Jim Buss, ɗan mai ƙungiyar, wanda ke kula da harkar wasa, ya shaida ma ƴan jarida cewa yana goyon bayan Brown. Ba a yi kwana uku ba aka kore shi, a rana ta goma sha ɗaya da buɗe gasa. Ƴan wasa biyar ɗin da aka tara dominsa ba su cika wasa biyu tare ba.

Me ya sa mai horaswa ake kamawa

Akwai dalilai da ba su da alaƙa da iyawar mutum. Na farko doka ce. A NBA kwantaragin ɗan wasa yawanci tabbatacce ne: ko an kore shi sai an biya shi, kuɗin kuma yana ci gaba da shiga lissafin iyakar albashin da gasar ta ƙayyade ma kowace ƙungiya. Ɗan wasan da ya sa hannu a sabon kwantaragi a bazara ba a iya musayarsa kafin tsakiyar watan Disamba. Albashin mai horaswa kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Saboda haka a watan Nuwamba, idan mai ƙungiya yana son jama'a su ga ya yi wani abu, ƙofa ɗaya ce a buɗe gabansa.

Na biyu kuɗi ne. A wannan kaka ce yarjejeniyar nuna wasannin Lakers a talabijin ta fara aiki da kamfanin Time Warner Cable, ta shekara 20, wadda aka ruwaito darajarta ta kai dalar Amurka miliyar 3. Ƙungiyar da ta karɓi irin wannan dukiya ba ta da damar ce ma masu kallo su yi haƙuri. Na uku lokaci ne: kwantaragin Howard zai ƙare a ƙarshen kaka, ana tsoron ya tafi, Kobe yana tsufa, Jerry Buss kansa yana kwance yana fama da ciwon daji. Kowa a gidan yana kallon agogo.

Na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne cewa waɗanda ke da ikon kora su ne suka haɗa ƙungiyar. Jim Buss da babban manaja Mitch Kupchak su suka sayo tsofaffi da marasa lafiya, su kuma suka ɗauki Brown. Da sun ce kuskuren yana ga haɗin, da kansu suka tuhuma. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani.

Masu goyon bayan korar suna da hujjarsu, wadda Bahaushe ma ya sani: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne manomin Tsibiri ko Jiratawa ba ya jira har kaka idan shukar farko ta ƙone, ya kan sake shuka. Amma kafin ya sake sai ya tona ramin ya duba: irin ne ya ruɓe, ko ruwa ne ya yi jinkiri? Wanda ya sake iri alhali matsalar ruwa ce, ya yi asarar iri sau biyu.

Abin da ya biyo baya

Mataimaki Bernie Bickerstaff ya riƙa na wasa biyar, ya ci huɗu. Magoya baya suna ta kiran sunan Phil Jackson a fili, aka tattauna da shi, amma a ƙarshe aka zaɓi Mike D'Antoni, mai tsarin gudu da jifa ba ƙaƙƙautawa, aka ɗora shi a kan ƙungiyar da ƙafafunta suka gaji. A ƙarshen watan Janairu 2013 Lakers tana da nasara 17 da kaye 25. Jerry Buss ya rasu ranar 18 ga Fabrairu. Don a samu shiga zagayen neman kofi, Kobe ya dinga buga kusan duka mintuna 48 na kowane wasa, har ranar 12 ga Afirilu jijiyar agararsa ta tsinke. Ƙungiyar ta ƙare da nasara 45 da kaye 37, San Antonio ta Popovich kuma ta share ta a zagayen farko, wasa huɗu ba ko ɗaya. A watan Yuli Howard ya tafi Houston, abin da aka yi korar don a hana.

Daga nan sai gangara. Nasara 27 a kakar da ta biyo, D'Antoni ya ajiye aiki a 2014. Byron Scott ya zo, nasara 21, sannan 17. Lakers ta yi kaka shida a jere ba ta shiga zagayen neman kofi ba, alhali a duk tarihinta kafin nan sau biyar kawai hakan ta faru. A watan Fabrairu 2017 Jeanie Buss ta sauke ɗan'uwanta Jim, ta sallami Kupchak. Sandar da ta fara sauka a kan taiki ta ɗauki shekara huɗu da wata uku kafin ta kai ga jaki.

Daga Landan zuwa Las Vegas

Wata uku kafin korar Brown, ranar 2 ga Agusta 2012, a wasannin Olimfik na Landan, Amurka ta lallasa Najeriya da ci 156 da 73. Kobe Bryant yana cikin waɗanda suka buga. Tazarar maki 83 ta zama abin da ake tuna ƙwallon kwandon Afirka da shi.

Brown kuwa ya koma Cleveland a 2013, aka sake sallamarsa bayan shekara ɗaya. A 2016 ya amince ya koma mataimaki a Golden State. A zagayen neman kofi na 2017, da rashin lafiya ta zaunar da Steve Kerr, Brown ya jagoranci wasa 11, bai faɗi ko ɗaya ba. A watan Fabrairu 2020 hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya, ƙarƙashin Musa Kida, ta ba shi ƙungiyar ƙasa, D'Tigers.

Ranar 10 ga Yuli 2021, a Las Vegas, a wasan shirin Olimfik na Tokiyo, Najeriya ta doke Amurka da ci 90 da 87. Karo na farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta yi nasara a kan Amurka a wannan mataki. Gabe Vincent ya ci maki 21, ƙungiyar ta jefa ƙwallon nesa mai maki uku sau 20, Precious Achiuwa kuma ya tare Kevin Durant a bakin kwando. Mai horas da Amurka a ranar shi ne Popovich, tsohon maigidan Brown. Bayan kwana biyu Najeriya ta doke Ajantina.

Sai dai ma'aunin da bai dace a yi ma Brown hukunci da shi a 2012 ba, bai dace a naɗa shi gwani da shi a 2021 ba. A Tokiyo Najeriya ta faɗi wasanninta uku, a hannun Ostiraliya, Jamus da Italiya. Wasa biyar ba su isa su nuna kasawar mutum ba, wasa biyu ma ba su isa su nuna an kai gaci ba.

A 2022 Sacramento ta ɗauke shi, ƙungiyar da rabonta da zagayen neman kofi tun 2006. A shekararsa ta farko ya kai ta da nasara 48, aka zaɓe shi gwarzon mai horaswa na 2023 ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta kauce ba, abin da ba a taɓa gani ba. A 2024 aka tsawaita kwantaraginsa. Ranar 27 ga Disamba ta wannan shekara, bayan kaye biyar a jere, ƙungiyar tana da nasara 13 da kaye 18, aka kira shi ta waya aka sallame shi, yana shirin hawa jirgi zuwa Los Anjelis don karawa da Lakers. Sacramento ta ƙare kakar da nasara 40 da kaye 42, ba ta shiga zagayen neman kofi ba, babban manajanta Monte McNair kuma ya bar aiki a watan Afirilu 2025. A watan Yuli 2025 ƙungiyar Knicks ta birnin New York ta ɗauki Brown.

Libarbil, Janairu 2012

Wannan ɗabi'a ba ta Amurka kaɗai ba ce, ba kuma ta ƙwallon kwando kaɗai ba. Haruna Dula Gabde shi ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka ta ƙwallon ƙafa a karo na farko a tarihin Nijar. A rukunin da ya ƙunshi Masar, mai riƙe da kofin, da Afirka ta Kudu da Saliyo, Mena ta ci wasanninta uku na gida a filin Janar Seyni Kunce na Yamai, ta wuce. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon mai horaswa na 2011.

Kafin a tafi gasar aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Ranar 23 ga Janairu 2012, a Libarbil, Gabon mai masaukin baƙi ta ci Mena 2 da nema. Bayan wannan wasa guda ɗaya aka mayar da Dula baya, jagoranci ya koma hannun Courbis. Tunisiya ta ci Mena 2 da 1, Maroko ta ci ta 1 da nema, aka dawo gida babu maki. Abin da ya raba Mena da waɗannan ƙasashe shi ne ƙarancin ƴan wasa masu gogewa a manyan gasa da raunin gasar cikin gida, kuma babu wanda zai gyara wannan a kwana huɗu, ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan labarai, 1981, 2012 da 2024, za a ga cewa korar mai horaswa magani ne na cuta ɗaya tak: lokacin da kayan aiki suka cika, mutanen suna da lafiya, amma jagora da mabiyansa sun daina jin maganar juna. A nan Westhead ya tafi, Riley ya ci kofi. Idan kuwa cutar tana ga tsufa, ko rauni, ko mummunan saye, ko rashin tushe, korar ba ta warkar da komai. Tana dai saya ma shugabanni ƴan watanni na sararawa, ta kuma jinkirta ranar da za a tambaye su.

San Antonio, wadda ta share Lakers a 2013, ta bi wata hanya. A farkon kakar 1999 ta faɗi wasa takwas daga cikin 14 na farko, ana ta raɗe-raɗin za a sallami Popovich. Ba a sallame shi ba. A wannan shekara ya ci kofi, ya ƙara huɗu a baya, ya zauna a kujerar daga 1996 har 2025.

Shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin al'adu sun san wannan jarabawa, ko da ba su taɓa kallon ƙwallon kwando ba. Idan sakamakon jarrabawa ya yi muni, ko ƙungiyar wasan kwaikwayo ta dawo daga gasa hannu rabbana, sunan da ya fi sauƙin ambato shi ne na malamin aji ko na mai koyar da wasan. Tambayoyin da suka fi nauyi su kan zo daga baya, idan ma sun zo: wa ya tara mutanen, da wane kayan aiki, kuma kwana nawa aka ba wanda ake tuhuma? A Los Anjelis amsar tambaya ta ƙarshe ita ce kwana goma sha ɗaya. A Libarbil kuwa, minti casa'in.